Baitin Ƙarshe na Kawu

Da tallar batir a faranti na fara a tashar Birnin Gwari. Yau ina da shagon waya da kayan sola, ina kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori. Duk waƙar da za ta ci kasuwa, ni nake fara sani.

A shekarun da hanya ta lalace da mutanen daji, wani bakanike mai gyaran babur a bayan shagona ya kawo mini waƙarsa. A Kaduna ya koyi kaɗa jita mai lantarki, irin mai ƙara kamar injin niƙa. Kiɗan bai dame ni ba. Amma da ya buɗe baki sai na ajiye abin da ke hannuna, don baitocin na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, manomi a wani ƙauye can bayan Tabanni. Tun ina yaro ya tsara su a kan ɓarayin shanu, zamanin da ɓarawo sanda yake riƙewa kuma yana jin kunyar a gan shi. Bakaniken a bakin kakarsa ya ji su, ya ɗauka ba su da mai su.

Waƙar ta ci. 'Yan acaɓa da masu shayi, kowa ita yake nema, don ta faɗi abin da mutane ke tsoron faɗa.

Ranar kasuwa Kawu ya kawo masara, ya ji ta a shagona. Ya saurara har ta ƙare, sannan ya sa na kira bakaniken.

"Ɗana, ina baitin ƙarshe?"

"Wane baiti, Baba?"

A al'adar masu rubuta waƙa, mai ita yakan rufe da sunansa, da na mahaifinsa, da garinsu, ya roƙi masu ji su yi masa addu'a. Wannan baitin ne ya ɓace a hanya kafin waƙar ta iso kunnen bakaniken.

Kawu ya ce, "Ka yanka sa, ka sayar da nama, ka binne fata don kada a ga alamar mai shi. Ai sana'ar waɗanda nake zagi ke nan."

"Wallahi Baba ban san da shi ba. Kuma kiɗan ai nawa ne."

"Riƙe kiɗanka, janareta mai mura. Ni sunana nake nema."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na ja shi gefe na ce, "Kawu, wayoyin da nake sayarwa ba a gari kaɗai suke kwana ba. Akwai masu zuwa da rawani har hanci, su sayi memori ba ciniki. Ka bar waƙar haka, ba suna."

Ya ce, "Kai ɗan kasuwa ne, da kaya sun bar hannunka ka manta da su. In na mutu wa za a yi wa addu'a? Jitar?"

Na sake faɗa masa, na faɗa wa bakaniken. Shi kuwa an fara kiransa ɓarawon waƙa a tasha, abin yana cinsa. Ya koma Kaduna ya sake ɗauka, har da baitin.

Masara ba ta gama bushewa ba mutanen daji suka shiga ƙauyen su Kawu a kan babura, rana tsaka. Ba su taɓa ko akuya ba. Suka nemi Kawu da sunansa da sunan mahaifinsa, yadda ya jera su a waƙar, suka tafi da shi. Mun jira kiran fansa, ba a kira ba. Daga baya wani da ya kuɓuto daga dajin ya ce ya gan shi, sun zaunar da shi gindin itace sun ce ya tsara wa ubangidansu yabo. Bai san ko ya tsara ba. Labarin Kawu na ƙarshe ke nan da ya iso mana.

Bakaniken ya sayar da jitar, ya bar gari.

Waƙar tana nan a kwamfutata iri biyu, gajera da doguwa. Yawanci gajerar ake nema, matasa kuma suna cewa ta bakanike ce. Ba na musu da mai saye. Idan wani ya nemi doguwar, nakan dubi fuskarsa da kyau kafin in tura, sannan in ce ya ji ta har ƙarshe, ya yi addu'ar da aka roƙa.