Furfurar Goshi

Yayana da furfura aka haife shi, tsagi ɗaya fari fat a goshi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa jin sauti ba. Tare muke korar tsuntsaye a gonar shinkafarmu ta Bakura. Shi ke buga gwangwani, ya yi ta jibga kamar zai fasa shi, kaina na sarawa, shi ko yana dariya. Da hannu muke hira. Sunansa a wurinmu shi ne ɗora yatsa a goshi. Nawa kuwa jan leɓe, wai na cika surutu. Kurma fa, shi ke cewa na cika surutu!

Sai da na shiga jami'a na san dalili. Malaminmu ya ce akwai ƙwayar gado mai ba da umarni: tun ɗa na ciki, ita ke gaya wa ƙwayoyin halitta abin da za su zama. In ta yi rauni, waɗanda ya kamata su zama masu ba da launi ba su zama, alhali can cikin kunne ma ana bukatar irinsu. Sai gashi ya fito fari, kunne ya yi shiru. Haushi ya kama ni a aji. Ashe ba aljanin rafi ba ne, kamar yadda gwaggonmu ta dage! Na so in gaya wa yayana, amma da wace alama? Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin in gama karatu.

Bara aka haifa mini ɗiya a Talata Mafara. Ranar suna wanzami ya cire mata hula, ya ce, "Malam, ga furfura tun yanzu!" Kowa ya yi dariya, ban da ni. Ba duk mai furfurar ke kurumcewa ba, ni ma da na zama malami haka nake koya wa ɗalibaina. Sanin bai hana ni tsoro ba.

Da ta fara zama, na samo gwangwanin madara, na tsaya bayanta na buga. Na ƙara bugawa. Uwarta ta toshe kunne. Ɗiyar ko tana ta wasa da yatsun ƙafarta.

Na zagayo gabanta na durƙusa. Hannuna ya manta hirar nan kusan duka. Wallahi ranar na yi kewar yayana fiye da ranar da muka binne shi. Suna ɗaya ya rage mini. Na ɗora yatsa a goshi, na kira ta da shi.