Gwangwani Ɗaya Na Ruwa: Ta'aziyyar Baba Almu Mai Lilo

Ranar Laraba, sha biyu ga Nuwamban 1997, cikin watan Rajab, ina tsaye gaban allo ina fama da 'yan aji shida, sai aka leƙo ta taga aka ce mini Baba Almu mai lilo ya cika da hantsi, a ɗakinsa na bakin Filin Ɗorawa. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye allin na fita, ban ko tuna na sallami yaran ba.

Baba Almu, na san da za ka gan ni yanzu da ka ce, "Kamalu, ka sake ɗaukar alƙalami? Allah Ya tsare mu." Kuma da gaskiyarka, don alƙalamin nan nawa ya kusa raba mu da filin da ka ƙarar da rayuwarka a kansa. Zan faɗi yadda aka yi, da kuskurena da gyaranka, domin ban san wata hanyar da zan yabe ka da ita ba wadda ta fi gaskiya.

Wanda bai san Suleja ba sai ta tagar motar Abuja ba zai gane abin da Filin Ɗorawa yake a wurinmu ba. Fili ne kawai, babu gini, sai tsohuwar ɗorawa a gefen gabas. Amma nan ake dambe bayan kaka, nan 'yan kokawa ke zuwa daga ƙauyukan Izom da Gawu, nan aka fara nuna mana majigi, nan masu wasa da kura suke sauka. Onwuka mai hoto yana da rumfarsa a can, da labulen nan mai zanen jirgin sama wanda rabin garin nan suka tsaya a gabansa. A tsakiyar duk wannan akwai lilonka, na katakon maɗaci mai kujeru huɗu, wanda ake juyawa da hannu yana ɗaga yara sama yana sauko da su. Kai ka sassaƙa shi tun garin nan yana amsa sunan Abuja, kafin a sa masa Suleja.

Dokarka ɗaya ce, kuma ba ta taɓa canzawa ba. Mai kwabo ya ba da kwabo ya hau. Wanda ba shi da shi ya gangara rafi ya ɗebo ruwa gwangwani ɗaya, ya yayyafa wa fili don ƙasa ta kwanta, shi ma ya hau. Ba ka taɓa raba layin masu kwabo da na masu gwangwani ba. Ni dai ban taɓa biyan ko anini ba, don mahaifina ɗinkin hula yake yi, mu tara ne a gabansa. Har 'ya'yan masu hali sukan ɓoye kwabonsu don sayen alewa su zo da ruwa. Ka sani sarai, ba ka taɓa hana su hawa ba.

Abu ɗaya ne ba ka yarda da shi a filin ba, shi ne karta. Idan 'yan caca suka shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, ba ka musu da su, ba ka zagin kowa. Sai ka ɗauki garwarka ka fara yayyafi daga nesa, kana matsowa, kana ba su haƙuri, har sai tabarma da karta sun jiƙe sharkaf sun tashi suna gunaguni. Mu kuwa muna gefe muna dariya, mun ɗauka fitina ce kawai irin taka.

To, muka girma. Wasu suka zama malamai, wasu 'yan kasuwa, wasu ma'aikata. Kuma sai muka zama irin mutanen nan da suke jin kunyar inda suka yi wasan ƙasa. Mukan wuce ta bakin filin mu ɗaga maka hannu daga nesa, mu tura 'ya'yanmu ranar Sallah, amma a majalisa in an ambaci dandali sai mu ɓata fuska kamar ba mu taɓa taka shi ba.

Da gwamnati ta tare a Abuja, garin nan ya cika ya batse, kowane taƙi na ƙasa ya yi daraja. A shekarar 1995 wani kamfani ya zo da zanen gini, wai zai kafa otal a Filin Ɗorawa da abin da suke kira kasino, don manyan Abuja da baƙinsu. Da aka matsa da tambaya sai ya tabbata gidan caca ne, mai hawa uku. Hujjarsu ita ce wurin dama na nishaɗi ne tun kaka da kakanni, su zamani kawai za su kawo masa. Unguwa ta ɗauki zafi. Aka kafa kwamiti, Liman Fakhruddeen na masallacin unguwarmu ya zama shugaba, ni kuma aka ba ni sakatare saboda ɗan Turancin da nake taƙama da shi. Kai ba mu ko gayyace ka ba. Mai lilo, me zai ce a zaman dattawa?

Na zauna na zuba Turanci shafi huɗu. Don in nuna wa hukuma cewa mu mutanen kirki ne masu kishin addini, sai na rubuta cewa filin nan ya daɗe da zama matattarar zauna-gari-banza, babu abin da ake yi a cikinsa sai kiɗa da shashanci, saboda haka in aka ƙara masa caca unguwa ta halaka. Na karanta wa kwamiti, aka yi ta jinjina mini. Liman ya sa hannu, mutum fiye da ɗari biyu suka dangwala yatsa. Na koma gida ina jin kaina a sama.

Bayan mako uku Onwuka ya same ni a ƙofar makaranta, ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba. Ya ce, "Malam, wannan takarda naka ya kashe mu fa. Una talk say, wai kun ce wurin ba shi da amfani. Ni shekara ashirin da biyu a nan nake cin abinci." Ashe lauyan kamfanin ya ɗauki takardarmu ya liƙa a bayan tasu, ya ce ga shi 'yan unguwa da kansu sun shaida filin ba shi da wani amfani sai ɓarna, don haka share shi taimako ne. Hukuma ta ce nan da kwana goma za ta turo mutum uku su duba, in sun tarar haka ne a ba kamfani izini. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na zo wurinka da la'asar ina jan ƙafa. Na tarar kana shafa wa ƙarfen lilo baƙin mai. Ba ka yi mini faɗa ba, kuma da ka yi da ya fi mini sauƙi. Sai ka ba ni labarin cewa mutanen kamfanin sun zo har sau biyu, sun ce ba za su kore ka ba, za su kafa lilonka a bakin ƙofar otal ɗin, su sa masa inji da ƙwayayen lantarki masu launi, don a ga sun riƙe tarihi. Ka ce, "Na faɗa musu shekara arba'in ina raba yara da tabarmar karta, ba zan zama ni ne mai kai su bakin ƙofarta ba." Sannan ka goge hannunka a tsumma ka dube ni. "Kamalu, wannan karon kada ka rubuta komai. Ƙafarka nake so."

Kwana tara muka yi muna yawo gida gida, daga hantsi zuwa la'asar, kai a gaba da sandarka ni a baya. Saƙonka gajere ne: duk wanda ya taɓa hawa lilo da gwangwanin ruwa, ya zo fili ranar Litinin da safe da gwangwaninsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ka manta kowa ba. Ka san wanda ya yi amai, ka san wadda ta yar da ɗankwalinta daga sama. Da muka isa zauren Liman sai ka durƙusa ka gaishe shi ka ce, "Allah gafarta Malam, ku ne fa kuke rufe ido kuna kiran Inna in kujera ta kai sama." Liman ya yi dariya har ya share ido da gefen rawaninsa. Ya ce zai zo.

Duk da haka ban sa rai da fiye da mutum talatin ba, don ba ranar Sallah ba ce, ranar aiki ce. Amma da gari ya waye sai ga mutane ta kowace hanya. Makanikan garin Gauraka sun rufe garejinsu sun zo da gwangwanayen man inji da suka wanke. Ma'aikatan Abuja sun bar motar ofis ta tafi, suna tsaye da kwat da takalmi sau-ciki, kowa da gwangwanin madara a hannu. Matan aure da mayafansu, wasu da jikoki. An goyo Dogara, tsohon ɗan kokawar Izom, a bayan keke. Liman ya zo da butarsa. Babu kiɗa, babu jawabi. Kowa ya zo ya yayyafa nasa ya koma gefe ya tsaya, har ƙasar ta zama taɓo.

Da mutanen hukuma suka sauko daga mota takalmansu suka nutse. Babbansu ya tambaya me ake yi a nan. Liman ne ya amsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ne zauna-gari-banzan da aka rubuta muku. A nan muka tashi gaba ɗayanmu." Ni kuma na fito na ce ni na rubuta takardar, ƙarya na yi wa filin, na janye ta.

Wakilin kamfani da ya biyo su bai karaya ba. Ya ce cacar tasu ta manya ce masu kuɗinsu, ba za ta shafi kowa a unguwa ba. A nan ka nemi izinin magana, ka faɗi abin da ka riƙe a cikinka kusan shekara hamsin.

"Ni ma da na fara ban ɗauka za ta shafi kowa ba," ka ce. "Gonar ubana ta Izom a tabarmar karta na bar ta, ranar kasuwa, tsakanin azahar da la'asar. Uwata ta ƙare rayuwarta tana noma gonar mutane. Abin da ya koro ni garin nan ke nan. Ku tambaya ko ita ta taɓa riƙe karta."

'Yarka Rabi'a tana kusa da ni, kuma daga fuskarta na gane ranar ta fara ji. Ta sunkuyar da kai na ɗan lokaci, sannan ta ratsa taɓon ta je ta tsaya a bayanka. Ranar muka fahimci dalilin garwarka da yayyafinka a gindin ɗorawa, muka ji kunyar dariyar da muka yi. Na san ba a tona asirin mamaci, kuma na san akwai marasa ta ido da suka riƙa kiranka tsohon ɗan caca bayan nan, abin ya yi maka ciwo ko da ba ka nuna ba. Amma kai ka ce mini in ka mutu na ɗauki alƙalami, kada in tsallake wannan wurin. Ga shi ban tsallake ba.

Bayan wata biyu takarda ta fito, an hana izini, an bar filin ga jama'a. Kamfanin ya tattara ya tafi. Mutane suka riƙa yaba wa kwamiti, ni ma har hannu aka riƙa ba ni a kasuwa, ina karɓa ina jin nauyi. Kai kuwa washegari da la'asar kana can kana juya lilo.

Ciwon ƙirji ya kama ka da damina. Zuwana na ƙarshe, ana saura kwana huɗu ka rasu, numfashi yana yi maka wuya, amma abin da ka tambaye ni shi ne ko an zuba wa fili ruwa. Na ce an zuba. Ban sani ba a lokacin, sai da na fito na je na duba, na tarar Onwuka ya zuba.

An yi maka sutura bayan la'asar. Da aka gama rufe kabari, mai haƙa ya ɗaga kai ya ce a miƙo ruwan yayyafi. Buta ɗaya aka saba kawowa. Sai na ga hannuwa suna fitowa daga cikin riguna, kowane da gwangwani. Wallahi babu wanda ya shirya wannan, ni kaina na ɗauka ni kaɗai na zo da nawa. Aka yi ta zubawa har Liman ya ce ya isa haka, sauran a kai fili. Onwuka yana tsaye a bakin maƙabarta, bai shigo ba don girmama mu. Da na zo wucewa ya miƙo mini nasa ya ce, "Malam, zuba masa nawa. Yarana huɗu duk ruwa suka biya." Na koma na zuba, kuma a nan kukan da nake dannewa tun hantsi ya ƙwace mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Inna Lauratu, da Rabi'a da ƙannenta, da jikokinka, da 'yan uwanka na Izom, da duk wanda ka taɓa ɗagawa sama ya hango rufin gidansu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ku sani har yanzu akwai masu wucewa a mota suna auna filin nan da ido, kuma mai garwar ya tafi. Ni gwangwanina yana bayan ƙofa, gobe da la'asar zan gangara rafi.

Ya Allah, bawanKa Almu ya zo gare Ka. Ya yi kuskure yana saurayi, ya tuba, ya tona kansa a gaban jama'a don kada 'ya'yan wasu su faɗa inda ya faɗa. Ka yafe masa, Ka yafe wa mahaifiyarsa, Ka sada su cikin rahamarKa. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa. Bai taɓa mayar da yaro gida don ba shi da kwabo ba, ya Allah kada Ka mayar da shi daga ƙofarKa. Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara. Amin.

Kamaluddeen Bamalli, Suleja.