Lorinda Etsitty da Tukunyar Kununta

Shekara ashirin da tara ke nan, kullum kafin rana ta fito Lorinda Etsitty ta gama dama kunun shuɗiyar masara da tokar itacen junifa. Sai ta ɗora tukunyar a akori-kurarta, ta nufi ƙauyukan bayan garin Chinle, a ƙasarmu ta ƙabilar Nabaho. Jami'ar abinci mai gina jiki ce a asibitin yankinmu, aikinta bin 'yan matan da suka yi ciki tun suna sakandare. Yawancinsu da lemon kwalba da soyayyen dankalin leda suke karyawa. Lorinda ba ta yi musu faɗa, don ta san kantin da ke sayar da ganye tafiyar awa guda ne. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Kowa a nan ya san maganar Tasheena Bitsilly. Shekararta sha shida, cikinta wata shida, jininta ya yi ƙasa har jiri na ɗibarta. Wani sabon likita, da kyakkyawar niyya, ya lissafa mata a gaban kakarta duk abin da zai iya samun jaririn. Mu Nabaho ba ma haka. A wurinmu, ambaton mugun abu kiransa ne. Tsohuwa ta ja hannun jikarta, ta ce su da asibiti har abada. Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba Tasheena kuwa a murhu suka ƙare.

Bayan kwana uku Lorinda ta je gidan. Ta zauna cikin mota kamar yadda baƙo ke yi a wurinmu, har tsohuwa ta leƙo.

"In likitanku ne ya aiko ki, 'yata, ga hanya can," in ji tsohuwa, tana nuni da leɓe.

"Haba Inna, kunu na zo koyo. Nawa kullum sai ya yi gudaji."

Tsohuwa ta ɗanɗana na cikin tukunyar Lorinda, ta yamutsa fuska. "Wannan ko karnukana ba sa sha! Shekara nawa kina cutar mutane da shi?"

Da gangan Lorinda ta ɓata kunun ranar. Tsohuwa ta dama nata, ta sa Tasheena ta sha kofi biyu don a ga bambanci. Tokar nan tana ƙarfafa ƙashi kamar madara, wadda cikin yawancinmu ba ya ɗauka. Mako na gaba Lorinda ta koma koyon farfesun tunkiya da wake. Tambayarta kullum ɗaya ce: "Inna, me ake ba mai ciki jininta ya cika, ɗanta ya zo da ƙarfi?" Ko sau ɗaya ba ta ambaci ciwo ba. A mako na huɗu ta ajiye ƙwayoyin kusa da kwano, ta ce 'yan rakiyar farfesu ne.

Tsohuwa ta dube ta, ta ce: "Tun ranar farko na gane wayonki. Ba wa Tasheena ta sha. Ki kai ta asibitin da kanki, ki kuma ce wa yaron likitan nan ya koyi magana."

Tasheena ta haifi 'ya mace lafiyayya, ta koma makaranta. A al'adarmu, wanda ya fara sa jariri dariya shi ke yin walima. Watanni uku dangi na kaffa-kaffa kada walimar ta faɗa kansu, sai ranar da Lorinda ta je auna jaririyar, ta yi atishawa, jaririya ta ƙyalƙyale.

"Anti, sai ki nemo tunkiya," in ji Tasheena. Lorinda ta yanka ta, tana dariya tana share hawaye.

Lorinda, uwar masu ciki, ke ce kika yarda a raina girkinki don yarinya ta ci ta ƙoshi. Mun gode. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi zama a ƙofar gida har a leƙo, don akwai wata Tasheena da ke jiri yanzu haka.