Tafiyata Garwa da Littafin da Na Hana a Sa wa Wuƙa

Tashi daga Jalingo

Ranar Litinin, ƙarfe biyar saura kwata na asuba, na fito daga gidanmu a Turaki da ƙullin kaya ɗaya, da buta, da littafi guda cikin gafakar da na ɗinka masa da hannuna. Ni baduku ne. Kafin in fita na leƙa ɗakin Inna, mahaifiyata, wadda ta yi wata biyu a kwance, abinci ma sai an lallashe ta. Ta ce, "Haruna, kada ka tsaya kallon gari. Ka jiyo ƙarshen ka dawo ka gaya mini."

Littafin na Faransanci ne, na marigayi Malam Bappa, wanda ya yi tafinta a ƙasar Faransawa kafin ya dawo Jalingo ya zauna. Kullum bayan la'asar yakan zo rumfata ya karanta shafi biyar ko shida, yana juya mana da Hausa. Labarin wani barden sarki ne na zamanin da, ɗan talaka, gwanin takobi, da 'yar wani mai gonar inabi. Barde ya kashe ɗan waziri a faɗan takobi, ya gudu ya ƙetare teku, ita kuma ta yi alkawarin za ta jira shi. In na tashi daga rumfa sai in kai wa Inna abin da na ji. A daidai inda aka zo aka gaya wa yarinyar wai barde ya yi aure a can ya manta da ita, Malam Bappa ya kwanta ciwo, kwana huɗu Allah ya yi masa rasuwa.

Kowa a rumfa ya ji zafin yankewar labarin, amma na Inna daban ne. Mahaifina ya tafi fataucin fata wajen Garwa ta ƙasar Kamaru ina ɗan shekara biyu, bai dawo ba. Ita ma haka aka yi ta gaya mata, wai ya yi aure a can. Ta ƙi yarda a raba auren, ta zauna. Ba ta taɓa ce mini dalilin ke nan take son labarin ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba.

Da magada suka ba ni littafin, sai na ga rabin farko takardunsa a sake, rabin baya kuwa a rufe, bibbiyu da hurhuɗu a haɗe ta sama da ta gefe. Ni da nake ɗinke laya tun ina yaro, na san rubutun da aka rufe ba a buɗe shi. Na ce wannan rufi ne, mai shi ya san dalilinsa, dattawan rumfa suka ce gaskiyata. Har wani akawu ɗan Kamaru ya biyo motar auduga ya kwana biyu a garinmu, muka kai masa, ya zaro wuƙa zai sa wa littafin. Na fizge, saura kaɗan in mare shi. Yana ta bayani, ban saurara ba. Abin da ya fito da ni ke nan: in je Garwa in sayo wani irinsa buɗaɗɗe, in kuma sami mai karanta mini.

Zinna da Mayo Belwa

Mota ta tashi ƙarfe biyar da rabi, cike da buhunan dawa, mu goma sha ɗaya a kai. Kuɗin mota sule shida zuwa Jimeta. Direba wani Bamumuye ne, Audu, mai fara'a da son waƙa. Damina ce, hanya duk caɓi, mil arba'in ɗin da ke tsakaninmu da Zinna sai da muka ci awa huɗu a kai.

Muna shiga Zinna ruwa ya tsuge. Mai gadin hanya ya sauke shinge, don doka ce in an yi ruwa babbar mota ba ta taka hanya sai ta sha iska. Na sauko na same shi da faɗa, na ce ina da mara lafiya a gida. Ko a jikinsa. Audu ya ja hannuna ya ce, "Malam, ka bari shi. Hanya ya jiƙe, mota ba zai wuce ba sai ƙasa ya bushe. Zo ka ci doya." Sabuwar doya ce gasassa, kwabo biyu, da manja da barkono. Na ci raina a ɓace, amma gaskiya ta yi daɗi.

An ɗage shinge ƙarfe uku. Muka isa Mayo Belwa gab da magariba, na kwana a zauren wani mahauci da ya san wana. Sauro kam ba a magana.

Jimeta da kogi

Talata ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga Jimeta. Na wuce bakin Binuwai kai tsaye, aka ce jirgin kamfani zai haura Garwa gobe ɗaukar gyaɗa, kuma watakila shi ne na ƙarshe bana, don ruwa ya fara ja. Na je aka yi mini lambar rigakafi a dantse aka ba ni takarda, na karɓi takardar shiga jirgi, na sayi ƙuli-ƙuli da garin rogo na guzuri.

Laraba ƙarfe bakwai jirgi ya yi kuka ya tashi. Mu talakawa a fili aka zuba mu, kusa da itacen da ake cusa wa injin, zafi ta sama zafi ta ƙasa. Jirgin nan tafiyarsa kamar ta tsohuwar jaka, in ya ga yashi sai ya tsaya a yi ta auna ruwa da gora. Sau uku muna ganin dorina a hanya. Ni dai hannuna na kan gafaka, ina ƙirga kwanakin da na bar Inna.

Alhamis da hantsi muka tsaya wurin 'yan kwastan na Faransa. Wani jandarma dogo ya duba takarduna, ya ce in buɗe gafaka. Ya juya littafin, ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya tambaye ni da Fulatanci, "Kai ne mai karanta wannan?"

Na ce, "Mai karantawa nake nema."

Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya kira abokinsa shi ma ya zo ya yi tasa. Na haɗiye, don ba a garinmu nake ba.

Garwa

Mun isa bayan la'asar. Na sauka gidan Malam Tanko, wani dattijo Bakano da fatake ke sauka wurinsa. Ya ba ni tabarma a zaure da tuwon dawa miyar kuɓewa. Bayan mun ci na ambaci sunan mahaifina, na siffanta shi yadda Inna ke siffanta shi. Ya yi tunani, ya ce, "Ɗana, fataken fata da suka wuce ta zauren nan ba su ƙirguwa. Ban tuna shi ba." Ban sake tayar da zancen ba.

Juma'a da safe ya raka ni kantin wani Bature da ke sayar da gishiri da atamfa da 'yan littattafai a kan katako. Babu irin nawa. Na ce to bari in duba waɗanda ke akwai. Na ɗauki na farko, a rufe. Na biyu, a rufe. Na uku ma haka, tun daga shafin farko har na ƙarshe, sababbi fil. Na ce a raina, anya duk littattafan ƙasar nan asiri ne?

Bayan an sauko Juma'a Malam Tanko ya kai ni wurin Malam Hamadu, Bafulatani, malamin makarantar Faransa, wanda ke hutu a lokacin. Ya yi mana maraba da Fulatanci, ya ce, "Jaɓɓama," ya shimfiɗa mana buzu. Na ba shi labari tun daga farko, har da akawun da na kusa mari. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ɗauko farar takarda babba, ya ninke ta sau uku, ya nuna mini.

Ya ce, "Haka ake buga shi, a ninke, a ɗinke, a sayar. Mai saye shi zai yanke da kansa yana karatu yana yankewa. Dubi bakin takardun farkon nan, ka ga ba su yi santsi ba? Malaminku ne ya yanke su a gida kafin ya zo rumfarka."

Na duba. Ga sawun wuƙa nan ƙiri-ƙiri, ni da yanka ne sana'ata ban gani ba. Kunya ta rufe ni, sannan baƙin ciki ya biyo baya. Wata uku ke nan da akawun nan ya zo Jalingo, lokacin Inna tana tashi tana zama da kanta. Da na yi haƙuri na saurare shi, da ta ji ƙarshen nan tun tuni.

Malam Hamadu ya ce, "Kana da wuƙa, Malam Haruna? Taka za ta fi tawa kaifi."

Na fito da wuƙar aikina, na yi bisimilla, na tsaga na farko. Ba abin da ya faru.

Jirgi zai juya Litinin, saboda haka kwana biyu da rabi kawai muke da su. Ni ina yankewa, shi yana karantawa yana juyawa, rabi Hausa rabi Fulatanci, daga hantsi zuwa magariba, sai salla ke tashe mu. Malam Hamadu mutumin kirki ne, amma in aka zo faɗan takobi sai ya miƙe da sandar rake yana nuna mini yadda ake sara da karewa. Na ce, "Modibbo, don Allah zauna, jirgi ba zai jira mu ba." Ya ce, "Wurin nan ba a tsallake shi." Kuma da gaskiyarsa, don inda barde ya tsere daga kurkukun jirgin ruwa ni ma sai da na manta da yanka.

Lahadi gab da magariba muka kai ƙarshe. Barde bai yi aure ba, waziri ne ya sa aka kai wa yarinyar wannan ƙarya. Bayan shekara bakwai ya sami gafarar sarki, ya hau doki ya nufi gida. Mutanen waziri suka tare shi a wata gada, tafiyar rabin yini zuwa garinsu, ya kashe huɗu, na biyar ya soke shi ta baya, suka jefa shi kogi. Ita kuwa ba wanda ya je ya gaya mata. Ta tsufa a gonar ubanta tana jira. Malam Hamadu ya rufe littafin. Na ba shi jakar fata da na ɗinka, ya yi godiya ya ce, "Useko," ya ƙi karɓar komai bayan ita.

Komowa

Litinin ƙarfe shida jirgi ya tashi, kuma da yake gangara ce, kafin magariba muna Jimeta. Talata na sami motar gishiri, muka kwana Zinna, ba shinge wannan karon. Duk hanya abu ɗaya nake saƙawa: yaya zan kai wa mace mara lafiya wannan ƙarshe? Kafin mu bar Mayo Belwa na gama shirya nawa. Barde ya iso, an yi biki kwana bakwai, sarki ya ba su gida. Na maimaita shi a raina ya fi sau ashirin, har da kalar dokin.

Laraba ƙarfe biyu na rana na sauka a Jalingo, kwana tara cif da fitata. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Audu da Malam Tanko da Malam Hamadu, akawun nan kuma in wannan ya isa gare shi ya yafe mini. Da na hango ƙofar gidanmu ba tabarmi ba taro, sai na yi hamdala na ƙara sauri.

Asabe matata ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kwana uku ke nan ko kunu ba ta sha, sai tambayar ko mota ta iso."

Na shiga na durƙusa. Inna ta rame ƙwarai, amma idonta tar. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba, ta ce, "Ya dawo?"

Na gyara murya na fara. Ban kai ga biki ba ta ɗaga hannu.

"Haruna, ni na haife ka. Gaya mini na littafin."

Sai na gaya mata, ban rage komai ba. Ta rufe ido tana ji, ni kuma hawaye na zubo mini.

Ta ce, "Auren da aka ce ya yi fa?"

"Bai yi ba, Inna. Ƙarya aka kai mata."

"Gadar nan, da aka tare shi, tafiya yake ko dawowa?"

"Dawowa yake. Saura rabin yini ya iso."

Ta buɗe ido ta dube ni. Can ta ce, "Ita yarinyar ta sani?"

Na ce, "Ba wanda ya gaya mata."

Inna ta ce, "Ta sani."

Ta nemi in tayar da ita zaune, na jingina ta da bango. Ta ɗaga murya ta kira Asabe, ta ce a dama mata kunu, a sa tsamiya da yawa.