Idon Kawu Bawa ya buɗe, saura hanyar Mizoram

Allahu Akbar! Yau da safe ina shan koko waya ta shigo daga Indiya. Kawu Bawa direba yana gani!

Ina ajiye wayar na zauna wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne ya fi shekara talatin yana jigilar albasa daga Aliero zuwa Kudu. Shekara biyu ke nan ido ya sauke shi daga mota. Ɗansa Nasiru da ke karatu can shi ya kai shi aikin ido.

Kawu da bakinsa ya faɗa mini a wayar: "Lawali, na ga hannuna! Na ga likitan, ashe ɗan gajere na!"

Kawun nan bai taɓa wuce ni a hanya ba. Shekarar da ruwa ya kama albasata a Sabiyal, shi ya juyo da babbar mota ya kwashe ta, ko shayi bai yarda ya sha ba.

Rabona da shi tashar Jega, ranar tafiyarsu. Sai da na yi magana ya gane ni. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kai mai rubuce-rubuce, ɗauko littahinka. In idon ga ya buɗe, Mizoram za ni, kuma ni ka tuƙi."

Abokin karatun Nasiru ɗan ƙabilar Mizo ne, mutanen jihar Mizoram da ke can Indiya. Shi ya ba su labarin ƙasarsu: tsaunuka kan tsaunuka, hanya kwana bayan kwana, gajimare a ƙasanka. Wai a babban garinsu Aizawl mota na bin layi, ba a danna hon.

Kawu da ake jin hon ɗinsa tun daga Maiyama! Ya ce, "Babu hon? To mi sukai da hannunsu? Sai na gani."

Na tsara masa tafiyar shafi shida. A kauce wa damina, don ƙasa na zaftarewa ta rufe hanya. Kada a dogara da shaguna ran Lahadi, kowa na coci. Hannun hagu suke bi, sitiyari na dama. A riƙe kilishi da garin kwaki. Alƙibla kuwa yamma take, na ja layi biyu ƙarƙashinta, don na san Kawu gabas zai juya.

Amma in faɗi gaskiya, daren... a'a, yammacin ranar na rubuta a littafina cewa ban ga alamar tafiyar nan ba. Yau na buɗe shafin, kunya ta kama ni. Ban yage shi ba, zan karanta masa in ya dawo.

Sai dai da saura. Ido ɗaya aka yi. Na hagu sai ranar Alhamis, kuma likita ya ce ba zancen tuƙi sai duka biyun sun tashi. Nasiru ya ce ba komai, shi zai ja motar. Kawu ya ce, "Ɗiyana ya tuƙa ni bisa dutsi ina zaune gehe? Gara in komo Aliero."

Ya Allah, Kai da Ka buɗe na dama, Ka buɗe masa na hagu. Ka hau da shi tsaunukan nan lafiya, Ka sauko mana da shi lafiya.

Duk wanda Kawu ya taɓa rage wa hanya, ranar Alhamis ya ɗaga masa hannu sama.