Farin alawayyon mahaifiyata

Shekarun baya, tun muna zaune a wani ƙauye kusa da Kaoje, mahaifiyata tana da wani farin alawayyo da ko mu 'ya'yanta ba mu isa mu taɓa ba. A kasuwar Lolo ta saye shi, wurin masu shigo da yadi daga Benin. Ba ta kai shi wurin tela ba. Ninke shi ta yi, ta sa masa kafur, ta kulle a akwatin ƙarfe. Ta ce da shi za ta tarbi Yesu ranar da zai dawo.

Kada ku ɗauka wasa take yi. Mama ba ta yi boko ba, amma ta ji an karanta a majami'a cewa masu tsayawa gaban kursiyin Allah fararen tufafi ne a jikinsu, kuma ba wanda ya san rana ko sa'a. Shi ke nan ta riƙe. Duk Lahadin da fasto ya yi wa'azi mai zafi kan ƙarshen duniya, da mun dawo gida sai ta shanya alawayyon ya sha rana, ta zauna gadinsa da tsumagiya saboda awaki.

Ni kuwa lokacin ina koyarwa a makarantar Lahadi, ina ji da kaina ƙwarai. Wata rana na ce mata, "Mama, fararen tufafin nan fa ba na kasuwa ba ne. Tsarkin zuciya ake nufi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, malam, mun ji. Zuciyar ma ina wankewa. Amma babban baƙo zai zo, sai in tarbe shi da zanen daka?"

Na kama gabana. Da ma bakin ne kawai gare ni. Ni ne fa wata tirela ta taɓa danna oda a bayana kan hanyar Lolo, na zube ƙasa ina neman gafara, na ɗauka ƙahon ƙarshe ne aka busa. Abokina da muke tare har yau in mun haɗu sai ya tuna mini.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata dattijuwa Musulma, muna ce mata Inna. Bandar kifi take yi, 'ya'yanta masunta ne, Hausarta kuma rabi yaren Dendi ce. Ita da Mama ƙawaye ne tun suna amare. In Inna ta hango alawayyon a igiya sai ta leƙo ta ce, "Ƙawa, yau ma an ce yana tafe? Mu ma an gaya muna Annabi Isa zai sauko. In kin riga ni ganinsa ki gaishe shi." Mama ta ce, "Ke dai ki rage faɗa da surukanki tukuna." Su yi ta dariya.

Sai wata damina kogi ya yi ambaliyar da ko tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ya cinye shinkafar fadama, ya yanke hanya, ya shigo gari. Muka kwashe, Musulmi da Kirista, muka koma makarantar firamare da ke kan tudu. Mutane na ɗaukar buhu da tukwane, Mama akwatinta ta ɗora a ka, ruwa har ƙugu. Na ce, "Haba Mama, ga hatsi." Ta ce, "Kai ɗauki hatsin." A ranta ta gama yarda cewa lokacin ne ya yi. Ta ce haka aka yi a zamanin Nuhu, mutane suna ci suna sha, ruwa ya zo ya kwashe su. A ajin da aka ware wa mata, akwatin ne matashinta.

A makarantar nan zazzaɓi ya kama Inna. Mama ce ke dama mata kunu, tana shafa mata ruwa a goshi. Ba ta daɗe ba, wata safiya ta cika.

Sai ga matsala: babu likkafani. Shagon mai yadi yana cikin ruwa, kwalekwale kuma in ya tafi nema sai washegari, Musulmi kuma ba sa barin gawa ta kwana in da hali. Babban ɗan Inna, ƙato mai gemu, ya tsaya a bakin aji yana tambayar ko akwai mai farin ƙyalle ko da tsoho ne. Abin da aka samo duk ya sha laka.

Na waiwaya na ga Mama zaune kan akwatinta, ta dafe murfin da hannu biyu. Ban ce mata komai ba, kuma na gode wa Allah da ya kama bakina ranar. Leɓunanta na motsi. Tsoro ne ƙarara a fuskarta, don ita fa ta gaskata yau ko gobe za a busa ƙahon. Ta daɗe a haka. Can ta tashi, ta buɗe akwatin, ta fito da alawayyon, ta nufi inda maza suke.

Liman ya karɓa ya warware. Ya ce, "Baiwar Allah, an taɓa ɗaura shi?"

"Ko sau ɗaya. Rana kawai yake sha."

"Kin san ba zai dawo hannunki ba?"

"Na sani, malam. Ku rufa wa ƙawata asiri."

Ɗan Inna ya durƙusa gabanta. Aka yanka alawayyon, ya isa har da saura kaɗan. Aka yi mata sutura, aka kai ta can saman tudu inda ruwa bai kai ba.

Da yamma na tarar da Mama tana kallon ruwan, da tsohon zanenta mai ƙaurin hayaƙi. Tausayinta ya kama ni. Na zauna kusa da ita na ce, "Mama, in ruwa ya janye zan sayo miki wani."

Ta girgiza kai. Na ce, "To in Yesu ya dawo yanzu fa?"

Ta share ido da bakin zane. "Sai in fito haka. In ya tambaye ni ina farin, in ce masa ƙawata ce za ta tafi ba sutura. Ai ya san ta."

Ba ta sake sayen wani ba har ta koma ga Ubangiji. Ni kuwa na sha karanta wurin nan da Yesu ya ce a ranar shari'a zai tuna wa mutane cewa yana tsirara suka tufatar da shi, na sha koyar da shi ma. Amma duk lokacin da aka karanta shi a majami'a yanzu, ba na iya ɗaga kai. Ina kewarta sosai. Har yau ina tsoron ranar nan, ba zan ɓoye muku ba, sai dai na daina ji wa Mama tsoronta.