Malama Kwatsam, Auta Tana Nan a Kujerarta

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina kan keken ɗinki da hantsi, maƙwabciyata da ke koyarwa a firamare ta leƙo shagona ta ce Allah ya yi wa Malama Kwatsam rasuwa da asuba a asibiti, bayan jinyar da ta sha. Ƙafata ta tsaya a kan keken. Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Bakina ya faɗa, amma zuciyata ta daɗe ba ta karɓa ba.

Malama, bari in gaya wa wanda bai san ki ba. Ke ce mai duba makarantu ta ofishin ilimi na gundumarmu. Malamai ne suka raɗa miki Kwatsam, don ba kya aiko da sanarwa. Sauran masu dubawa sai an share fili, an goge allo, an ajiye musu lemo a ofishin shugaban makaranta. Ke kuwa sai dai a waiwaya a gan ki lokacin hutun cin abinci, tsaye a gindin famfo da tsohuwar jakarki mai tsinkakken hannu, kina duba wane yaro ne ke cin abincinsa shi kaɗai. Ba don ƙauna aka sa miki sunan ba, amma kika amsa shi da dariya har ya bi ki.

Ni ba malama ba ce, ba kuma 'yar uwarki ba. Tela ce, uwar wata yarinya mai in'ina da muke kira Auta. Tana aji huɗu 'yan ajinsu suka sa mata Tsohuwar Rediyo. Da ta buɗe baki za ta amsa tambaya, sai wasu su kama murɗa kunnensu kamar masu neman tasha, aji ya kwashe da dariya, har da malaminsu. Ta daina ɗaga hannu, ta daina magana a aji, daga nan shirun ya biyo ta gida. Yarinyar da ke cika mini shago da surutu, ko da kowace kalma sai ta sha wuya kafin ta fito, ta koma in na tambaye ta abu sai ta gyaɗa kai. Kullum da safe kuma ciwon ciki. Ina ji ina gani makaranta na neman fita daga ranta.

Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa a layinmu ya sani. Na zari mayafi na tafi makarantar da niyyar sai an ji mu. Shugaban ya tarbe ni da mutunci, mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba. Ya ce abin mai sauƙi ne, za a mayar da Auta ɗaya ajin don a samu zaman lafiya. Haka ake yi a makarantunmu tun da can: yaron da aka dama, shi ake ɗagawa, saboda shi ɗaya ne, masu tsokanar kuwa suna da yawa, iyayensu ma suna da baki. A ganin malamai taimako ne, ni ma a ranar haka na ɗauke shi. Aka kira Auta ta rungumo jakarta, ta ratso filin makaranta kanta a ƙasa, 'yan ajinsu sun cika taga suna kallo.

A gindin famfon nan muka ci karo da ke. Kika tambaye ta ina za ta da jaka ba a tashi ba. Ta buɗe baki, kalmar farko ta maƙale. Na yi caraf zan amsa mata yadda na saba, sai kika ɗaga mini hannu, ko kallona ba ki yi ba.

"Ita na tambaya, Maman Auta."

Kika tsuguna a gabanta duk da gwiwarki mai ciwo, kika jira. Ba ki ƙarasa mata ko kalma ɗaya ba, ba ki ce ta yi a hankali ba, ba ki kau da ido ba. Sai da ta kai ƙarshe da kanta. Rabon da in ji muryar 'yata ta yi doguwar magana haka har na manta, kuma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Kika kama hannunta kika juya da ita, kika tsaya a gaban shugaban makaranta.

"Malam, laifin me ta yi da za ta tashi? Wanda aka cuta ba shi zai ɗauki jaka ba."

Kika mayar da ita kujerarta ta kusa da taga, ke kuma kika zauna a bencin baya har aka tashi. Na so a zane yaran nan, ban ɓoye miki ba. Kika ƙi. Kika sa aka kira iyayensu aka zauna, jagoran tsokanar aka dawo da shi gaban teburin malami, malamin da yake taya su dariya kuma kika ja shi gefe kika gaya masa abin da ya sa washegari ya zo har shagona ya ba da haƙuri.

Bayan haka kin sha biyowa ta shagon. Ki zauna a kan buhun ƙyallaye ki tambayi Auta labarin makaranta, ki naɗe hannu ki jira. Nakan ce ki kawo jakar nan in ɗinke hannun, abin kunya ne babbar ma'aikaciya tana yawo da ita haka. Kullum amsarki sai wani zuwan. A nan kika gaya mini ba za ki iya tsayawa a gindin kowane famfo ba, shi ya sa kike so gunduma ta kafa doka a kan duk makarantunta: kada a sake ɗaga yaron da aka ci zalinsa, kuma malamin da ya ji ana aibata yaro da halittarsa, ko talaucin gidansu, ko harshen iyayensa, ya yi shiru, zai amsa tambaya. Kin sha suka a kanta. Wasu manya suka ce wasan yara ne, kowa da haka ya girma. Kika gayyaci iyaye zaman kwamiti, na je, na ɗaga murya fiye da kima har kika ja mini mayafi ta baya. Aka sa wa dokar hannu kina kwance a asibiti. Ranar da aka karanta ta a filin kowace makaranta, ke kaɗai ce ba ki ji ba.

Da labarin rasuwarki ya iso, Auta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ranar Laraba ciwon cikin nan ya dawo, ba ta je makaranta ba. Tsoro ya kama ni, Malama, don na san doka ba ta tsuguna a gaban yaro.

Ranar Alhamis ina shirin zuwa gaisuwa sai na ga ta sa hijabi ta tsaya a bakin ƙofa. Muka tarar da falonki cike da mata, jakarki na rataye a ƙusa bayan ƙofa, hannun yana nan yadda yake. Auta ta durƙusa a gaban babbar 'yarki za ta yi ta'aziyya, kalmar ta maƙale. Wata gwaggo, don tausayi, ta fara ƙarasa mata. Sai 'yarki ta ɗaga hannu, daidai yadda kike yi. Muka jira gaba ɗaya, har Auta ta kai ƙarshe.

"Allah ya jiƙan Malama."

Washegari ta riga ni tashi, ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta. Tana nan a kujerarta ta kusa da taga.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da 'yan uwanki, da abokan aikinki, har da malaman da suka raɗa miki suna, don na ga da yawansu suna kuka. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu ikon riƙe abin da ta bari. Allah ya gafarta miki, Malama, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, ya haskaka kabarinki. Ya Allah, baiwarka ta hana a tashi 'yata daga mazauninta. Ka ba ta mazauni a Aljanna inda babu mai tashinta. Amin.